Ba a Aiken Kawu

Injin yankan ciyawa ya mutu ne da hantsi, a farkon damina, a tsakiyar filin da ya raba sashen Babba da na Auta. Kawu yana tura shi kamar kullum, sai ya ji ya yi wani irin tari, ya fesar da baƙin hayaƙi, wani abu ya yi ƙara a cikinsa kamar an jefa cokali a tukunya, shi ke nan ya yi tsit. Kawu ya taka shi da ƙafa ya finciki igiya, igiya ta ƙi fitowa. Ya sake fincika har sai da kafaɗarsa ta amsa, sannan ya haƙura ya tsaya yana kallon filin, rabi a aske rabi da gashinsa.

Gabansa ya faɗi, kuma ba don injin ba. Kawu ƙanen marigayiya mahaifiyar masu gidan ne, wato Babba da ƙanensa Auta. Tun da ƙarfinsa ya fara ja da baya yake zaune a ɗan ɗakin da ke jikin ƙofar gida, mai taga ɗaya da katifa da akwatin ƙarfe. Ba shi da wani wurin da ya wuce nan. 'Yarsa ɗaya ce a duniya, tana aure a ɗakin haya guda, ita da miji da 'ya'ya. Ba wanda ya taɓa faɗa masa, amma ya sani sarai cewa wannan koren filin ne ke riƙe da shi a gidan. Muddin ciyawa tana kwance luf, ɗakin nasa ne.

In ka tambayi masu gidan kuwa, za su rantse maka ba a aiken Kawu. Kuma gaskiya suka faɗa. Tun da yake a gidan, ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce masa je ka yi kaza. Haba, ƙanen uwa guda? Sai dai Babba ya fito zai shiga mota, ya rage murya ya gaishe shi da ladabi, sannan ya dubi fili ya ce, "Kai, ciyawar nan ba ta gajiya." Ko matar Auta ta wuce tana gaya wa iska cewa furannin bakin ƙofarta sun yi yaushi. Hannunka-mai-sanda ke nan, Kawu kuwa ba ya jira a nuna masa sau biyu. Wanda ba a aika ba, ba a biyansa, ba a ba shi hutu, in ya ji ciwo kuma ba laifin kowa ba ne. Dabara ce mai kyau, gidaje da yawa sun iya ta.

Washegari aka kira bakanike. Ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin rumfar motoci, ya kwance injin gunduwa-gunduwa, ya zuba ƙananan kayan a wata tsohuwar roba. Babba da Auta suka tsaya a kansa, kowa da makullin mota a hannu, Kawu yana gefe riƙe da tsumma.

"Ya buga, yallaɓai," in ji bakanike. "Fistin ya tafi, ringi sun cinye. Amma gangar jikin da sauranta."

"Zai gyaru ke nan," in ji Babba.

"Zai gyaru."

"In an gyara zai daɗe?" in ji Auta.

Bakanike ya sosa ƙeya. "To, tsoho dai tsoho ne. Zai iya kai ku shekaru, zai iya sake kwantawa baɗi. Sabo ma akwai shi a kasuwa. Kowanne kuka zaɓa, aiki zai yi."

Da ma ya ce hanya ɗaya ce tak, da ya taimaki Kawu.

"Gyara za a yi," in ji Babba. "Marigayi Baba ne ya sayo shi da hannunsa. Ƙarfen da ba irin gwangwanin yanzu ba ne. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Yaya, zuma daban, inji daban. Bara an gyara, bara waccan ma an gyara. Mu sayi sabo mu huta."

"Kai komai sai sabo."

"Kai kuma komai sai abin da ka ce."

A nan gizo ke saƙar. Kowannensu zai iya sayen irin wannan injin bai ji a jikinsa ba. Amma tun rasuwar mahaifinsu gidan na su biyu ne, abin da ke tsakar gida kuma sai da yardar kowa, don haka wanda aka bi maganarsa a kan inji yau, shi ne maigida gobe. Bakanike ya wanke hannu da fetur, ya rufe robar da guntun kwali, ya ce in sun yanke shawara su kira shi. Motoci biyu suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗaga wa wani hannu.

An ce idan giwaye suna faɗa, ciyawa ce ke shan wahala. A wannan gida dai ciyawa ba ta taɓa jin daɗi irin na wannan daminar ba. Ruwa ya sauka ba ƙaƙƙautawa, ita kuwa ta miƙe son ranta. Ba a jima ba Babba ya fito wata safiya, ya gaishe da Kawu, ya dubi takalminsa da raɓa ta jiƙa ya ce, "Ikon Allah, har ta kai idon sawu." Mota na fita, Kawu ya shiga sito ya laluɓo wata tsohuwar adda, ya zauna a bakin dakali yana wasa ta.

Yankan ciyawar ado da adda ba irin saran daji ba ne. A sunkuye ake yinsa, hannu yana shara ƙasa-ƙasa, don ta kwanta daidai kamar inji ne ya bi ta. Aikin da inji ke gamawa kafin rana ta yi zafi, yanzu sai ya ci wa Kawu kwanaki. Kafin ya kai bangon Auta, ta wajen Babba ta sake tsirowa. Ga kuma wata sabuwa: in ya fara daga sashen Babba, matar Auta ta ɗaure fuska ta ce ashe gidan ma akwai 'yan bora, in ya fara daga nata, matar Babba ta amsa gaisuwarsa a daƙile. Sai ya koma yana yankan nan kaɗan, can kaɗan, filin ya zama kamar kan da wanzami ya fara aski aka kira shi. Tafin hannunsa ya yi bororo, bororon ya fashe, ya naɗe da tsumma ya ci gaba.

Mutum ɗaya ce a gidan take faɗa masa gaskiya, mai girkin sashen Babba, wata mace mai jiki da baki, wadda ke kawo masa abincin rana. Ta ajiye kwano a inuwa ta riƙe ƙugu.

"Kawu, wai kai jikan raƙumi ne? Ka bar musu abarsu ta kai musu wuya. Ranar da maciji ya shiga falo, a tsaye za su yanke shawara."

"Ke dai ba ki da dama," in ji shi yana ƙoƙarin miƙe bayansa. "Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski."

"Wane lada? Wannan kwanon? Ni ma ina ci, kuma ƙarshen wata ana sallama ta. Kai fa?"

"Ni ai ɗan gida ne."

"Allah ya raba ni da zama 'yar gida, in haka ake yi," in ji ta, ta juya tana tsaki.

Maganarta ta zauna masa. Da yamma ya wanke ƙafa ya sa riga mai tsabta ya nufi falon Babba, ya tsaya a bakin ƙofa don kada ya ɓata kafet. Babba ya miƙe da sauri.

"Kawu, shigo mana, ai gidanka ne."

"Ɗana, maganar injin nan ce ta kawo ni."

"Ai ni na gama magana tun ranar. Yau Auta ya ce to, gobe bakanike ya zo. Shi za ka sama, ka san yana jin maganarka. Amma Kawu, wa ya ce ka ɗauki adda? Don Allah ka riƙa hutawa." Ya koma ya zauna. "Ko da yake likitoci sun ce motsa jiki yana da amfani ga manya."

Kawu ya tsallaka filin ya je wajen Auta. Shi ma ya tarbe shi hannu biyu, har da ba shi ruwan sanyi.

"Wallahi Kawu, tausayinka nake ji. Ni a yau ma sai in kawo sabo, mai tafiya da kansa, kai dai ka riƙe kawai. Amma Yaya ya rantse ba sabon da zai shigo gidan Baba. In na yarda da gyara kuwa, shi ke nan na kaɗe, gobe ko bishiya zan dasa sai na nemi izini. Ka ƙara haƙuri. Bar shi ya ga yadda kake wahala, da kansa zai sauko."

Kawu ya fito da abin da ya fi adda nauyi. Ashe suna gani. Ba mantuwa ba ce, ba kuma rashin sani ba. Wahalarsa ce ta zama hujja a hannun kowannensu, kowa yana jira ta yi tsanani har ɗan'uwansa ya ji kunya ya sauko. Ya ji zuciyarsa ta yi masa ƙunci ƙwarai, amma ba wanda zai kai wa ƙara, don duk wanda zai raba wannan gardama ya riga ya kwanta dama.

Bayan 'yan kwanaki bayansa ya riƙe. Ya wayi gari ya kasa ko sa takalmi, sai ya ce bari ya gwada shawarar mai girki. Ya kwanta. Ciyawa ta samu sake ta kai ƙwauri, sauro ya yi gida a cikinta, yara suka daina fitowa wasa. Wata safiya yana kwance sai ya ji muryar matan gidan biyu kusa da tagarsa. Su da ba sa haɗa hanya, yau ciyawa ta haɗa su.

"Ni dai na gaji," in ji matar Babba. "Jiya yarinyata ba ta runtsa ba don cizon sauro. A nemo mai lambu na gaske kawai."

"Ai irin waɗannan ba sa zama sai da wurin kwana," in ji matar Auta.

"To, wurin kwana kuma..."

Kawu bai gan su ba, amma ya san ɗakinsa suke kallo. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Suna barin wurin ya dafa bango ya miƙe, ya ɗaure ƙugunsa tamau da tsohon rawani, ya ɗauki adda.

A kan hanyarsa ya leƙa rumfar motoci. Iska ta ɗauke kwalin da aka rufe robar da shi, feshin ruwa ya cika ta, kayan injin duk sun yi ja da tsatsa. Ya tsiyaye ruwan, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya shafe su da baƙin mai. Da bakanike ya zo duba wata mota, Kawu ya ja shi gefe ya roƙe shi ko zai haɗa masa shi haka nan, ko da lallaɓawa ne.

"Baba, ba ni da iko," in ji bakanike. "In na taɓa, wancan ya ce na bi bayan wannan, in rasa gidan gaba ɗaya. Kuma gaskiya yanzu gyaran ya ƙara nisa."

Labarin tsatsa ya kai kunnen masu gida. Babba ya ce taurin kan Auta ne ya jawo. Auta ya ce ai ga shi nan, abin da yake faɗa ke nan tun farko.

Ranar da tsautsayin ya faɗa, ciyawa a jiƙe take, hannunsa kuma ya gaji. Addar ta daki bakin wani bututun ruwa da ciyawa ta rufe, ta zame ta sauka a ƙwaurinsa. Bai yi ihu ba. Ya duba hagu da dama ya ga ba kowa, ya yagi bakin rawanin ya ɗaure wurin, ya saki ƙafar wando a kai. Ya san yana da ciwon suga, ya kuma san yadda miki ke yi wa masu irin ciwonsa. Amma ya fi tsoron a ce Kawu ya kwanta a kan tsoron mikin.

Mikin bai rufe ba. Ya kumbura, ya fara ruwa, ƙafar ta yi nauyi har tsayuwa ta gagara. Sai Kawu ya samo kujera 'yar tsugunno da lauje. Ya zauna a cikin ciyawa ya miƙe ƙafar gefe, ya yanke abin da hannunsa ya kai, ya ja kujerar gaba kaɗan, ya sake yanka. Haka yake wuni yana rarrafe a filin, dattijo mai furfura, a gidan 'ya'yan yayarsa.

A haka baƙin Babba suka same shi wata yamma. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya da murfin mota a hannu ya ce, "Wannan dattijon fa?"

"Kawuna ne," in ji Babba yana dariya. "Mutanen da, ba sa iya zama haka nan. Mun yi mun yi ya huta, ya ƙi."

Da baƙin suka tafi, Babba ya zo har inda yake, ya rage tsawo, murya a tausashe.

"Kawu, yau ka ba ni kunya. Mutane sai su ɗauka mu ne muke sa ka. Don Allah in ka ga motar baƙi, ka riƙa shiga ɗaki."

Bai ce a bar yankan ba. Ƙafar da ke miƙe a gabansa, ƙudaje na bin tsumman, ita ma bai tambaya ba. Baƙi kuwa da sanyin safiya suke zuwa da sanyin yamma, don haka lokacin da ya rage wa Kawu shi ne tsakar rana, sa'ad da ko kaza ke neman inuwa.

A irin wannan rana 'yarsa ta zo gaishe shi. Ta tsaya a bakin fili da goyo a bayanta, ta kasa ƙarasowa. Da suka shiga ɗaki ta matsa sai da ya kwance tsumman. Tana gani ta toshe baki.

"Baba! Tun yaushe? Bari in je in same su."

"Ki ce musu me? Sun sa ni?"

"To ka tashi mu tafi."

Ta faɗa ne kawai, su duka biyun sun sani. Kawu ya yi murmushi don ya rage mata nauyi.

"Ki kai ni ina? A kan kabad za ki ɗora ni, ko a ƙarƙashin gado? Mijinki ma da ƙyar yake samun wurin miƙe ƙafa. Ki share hawayenki. Yau ko gobe za su gyara injin, kin ga shi ke nan."

Ta wanke masa mikin da ruwan ɗumi tana kuka ƙasa-ƙasa don kada a ji a cikin gida. Ta tafi tana waiwaye. Shi kuma ya zauna yana jin haushin kansa, ya sa yarinya kuka alhali ba abin da za ta iya.

Mai girki ce ta tsince shi, ba a fi mako ba bayan nan. Ta fito da kwanon abinci ta hangi kujera ba kowa a kai, sai da ta matsa ta gan shi kwance a cikin ciyawa, lauje a hannu, jiki zafi kamar garwashi. Ihunta ne ya fito da gidan duka.

A nan kam masu gida suka nuna su 'ya'yan halak ne. Babba ya ce asibitin da ya sani za a je, Auta ya ce nasa ya fi, har dai direba ya gaji ya ja mota. Suka yi rige-rigen biyan magani. Likita ya ce saura ƙiris a rasa ƙafar, an dai cece ta, amma sunkuyo da doguwar tsayuwa sun ƙare wa Kawu. Dangi suka yi ta zuwa dubiya, kowa ya zo sai ya ji magana ɗaya daga bakin masu gida.

"Wa ya sa shi? Mun yi mun yi."

"Ai kun yi ƙoƙari," in ji dangi. "A zamanin nan wa ke riƙe kawu haka? Allah ya saka muku."

Kawu yana kwance yana jin su, ido a rufe. Ba abin da ke ransa sai filin. Yana lissafin inda ciyawa ta kai yanzu, yana kuma gaya wa kansa cewa ai yanzu kam dole su sauko. In ma sabon nan ne mai tafiya da kansa, zai iya dafa hannunsa kamar sanda ya bi shi a hankali. In tsohon ne aka gyara, sai ya roƙi direba ya riƙa ja masa igiya. Da wannan tunani ya riƙa shan magani, har ma'aikatan asibiti suna yaba masa haƙuri.

Ranar da aka sallame shi, direban Babba ne ya ɗauko shi. Ƙofar gida na buɗewa ya ɗaga kai don ya ga inda ciyawa ta kai. Babu ciyawa. An kankare filin tas tun daga bangon Babba har na Auta, sai jar ƙasa da tulin yashi. Leburori suna ta kai da kawowa da baro, wasu a tsugune suna jera bulon daɓe. A tsakiyarsu ga Babba ga Auta kafaɗa da kafaɗa, suna nuna wani abu suna dariya. Rabon da Kawu ya ga haƙoransu a wuri ɗaya har ya manta.

Suka taho tare suka buɗe masa mota, suka riƙe shi ya dafa sanda.

"Kawu, sannu da jiki," in ji Babba. "Albishirinka. Mun yanke shawara, ni da Auta bakinmu ɗaya."

"Ba gyara, ba sabo," in ji Auta. "Mun kashe maganar daga tushe. Ciyawar da ta nemi ta raba mu da kai, me za mu yi da ita?"

"Mun hutar da kai ke nan," in ji Babba.

Kawu ya dubi jar ƙasar. Ya juya a hankali wajen ɗakinsa. Ƙofar a buɗe take, buhunan siminti a jere tun daga ƙasa har sun rufe tagar.

"Ka san siminti ba ya son ruwa," in ji Auta da sauri. "Na ɗan lokaci ne."

"Ga ƙura kuma, ga mikinka," in ji Babba. "Likita ya ce sai da mai kula da kai dare da rana. Muka duba muka ga wa zai kula da uba kamar 'yarsa? Mu maza ne, matanmu kuma ka san kunya ba za ta bar su ba. Kayanka ma an haɗa maka, suna mota."

Ashe tun daga asibiti yake tafe da akwatinsa a bayan mota bai sani ba. Ya hangi mai girki a ƙofar kicin, ta rufe baki da gefen mayafi, yau bakin nan ya mutu. A ƙarƙashin rumfa kuma ga injin can an lulluɓe shi da sabon tamfol, don Babba ya ce ba za a zubar da kayan marigayi ba.

Akwai magana a cikin Kawu. Amma ta ina zai fara? Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa murya. Yaya mutum zai yi ƙorafi a kan an hutar da shi? Suna tsaye suna jiransa da fuska a sake, leburori ma sun dakata suna kallo.

"Allah ya yi muku albarka," in ji shi.

"Amin, Kawu," suka amsa baki ɗaya.

Haka aka yi. Ba wanda ya kori Kawu, kamar yadda ba wanda ya taɓa aikensa. Duk wanda ya je gidan yau zai ga daɓe mai kyau da 'yan'uwa masu zumunci, kuma in ya tambaya za a gaya masa irin ɗawainiyar da aka sha a asibiti, ba ƙarya a ciki ko ɗaya. Da bare ne suka ɗauka aiki, da ranar da inji ya mutu ya ajiye musu makulli ya kama gabansa, da kafin mako sun yanke shawara. Nasu ne, shi ya sa suka iya jira.

Mota ba ta shiga lungun su 'yarsa, don haka direba ya tsaya a bakin titi. Ya ɗauki akwatin a ka, Kawu yana biye da shi da sanda yana tsallake kwata da ƙyar. Direba ya dire akwatin a ƙofar ɗakin, ya ce ana jiransa, ya juya da sauri kamar wanda ya yi sata.

'Yar ta ɗaga labule da ludayi a hannu. Ba wanda ya gaya mata suna tafe. Ta dubi mahaifinta, ta dubi akwatin, ta waiwaya cikin ɗakin inda mijinta ke zaune a bakin gado yara sun kewaye shi. Mijin ya miƙe ya gaishe da surukinsa da ladabi, amma idonsa yana kan akwatin, don ko wurin ajiye shi babu.

"Baba, sannu da zuwa," in ji ta. Ta matso kusa ta yi ƙasa da murya yadda mijin ba zai ji ba. "Kwana nawa suka ce za ka yi?"

Kawu ya dogara da sandarsa. Ƙafar ta fara yi masa zugi, ya duba bai ga abin zama ba, sai ya zauna a kan akwatin a nan bakin ƙofa.